Kwafi Ɗari Biyu

Bediyako mai ɗab'i a Adum
ya ce injinsa bai san ƙugiya ba.
Inda na rubuta ƙasa sai ya fito da kasa,
garin uwata ya koma macijiya a shafi na tara.
Ƙarya kuma ta zama karya,
tana ta haushi a tsakiyar labari.

Kwana uku ina kan bencinsa da biro,
ina rataya wa baƙaƙe ƙugiya ɗaya bayan ɗaya
kamar tela yana dasa maɓalli,
har yaron shagon ya ji tausayina
ya tono haruffan daga cikin wayarsa.
Na ba shi sidi ashirin. Ya ce in ƙara da koko.

Kuɗin kuwa na adashin Barira ne.
Mun ce na kwano ne,
don ɗakinmu na Aboabo in hadari ya haɗo
sai mu jera roba huɗu da tukunya.
Daren da na faɗa mata
ba ta ce komai ba,
ta dai ja katifa zuwa kusurwar da ba ta zuba,
ta ce, Tanimu, kada dai ka sa shi a nan,
takarda ba ta san haƙuri da ruwa ba.

Kwafi ɗari biyu.
Na ɗauko su a tirotiro, kwali biyu bisa cinya,
kwandasta ya caje ni kuɗin mutum uku.
Ban yi musu ba. Da mutane a ciki,
sun ma fi uku.

Nawa zan sa masa?
Arba'in, su ce na cika tsada.
Ashirin, su ce tun da araha ba abin kirki.
Alhaji Mumuni mai goro a Asawase
ya juya shi gaba da baya, ya auna a tafi,
ya ce, kai da kake namu, ai kyauta za ka ba ni.
Na ba shi.
Yanzu yana danne rasit da shi kada iska ta kwashe.

Innata ajami take karantawa.
Ta shafa bangon, ta sunsuna tawada,
ta ce in karanta mata wurin da take.
Na ce, Inna, ba ki ciki.
Ta ce, to wace ce mai sayar da wake da shinkafa
da ke ɓoye canji a bakin zane?
Na yi shiru. Wa ya gaya mata, oho.

Yau saura ɗari da sittin da ɗaya,
kan kabad, cikin leda biyu.
Da asuba nakan ƙirga su kafin in tafi Kejetiya
in buɗe rumfar gyaran agogo.
Lokacin wasu nake gyarawa,
nawa kuwa sata nake yi,
tsakanin azahar da la'asar,
a bayan takardar batir.

Jiya wata yarinya, Hajaru, daga Sawaba,
ta zo ba agogo a hannunta.
Ta ce a shafi na sittin da biyu
akwai ɗaki da ya rasa ƙugiya.
Ta kawo biro, wai in gyara mata da kaina.
Sannan ta ce, me ya sa ka kashe direban?
Bai yi komai ba.

Ban sami amsa ba har ta tafi.

Daren nan ana ruwa, an ɗauke wuta.
Roba ta biyu ta kusa cika.
Barira na barci, hannunta bisa ledar kwali
da muka sauko da shi don kabad ya fara jiƙa.
Akwai sidi ɗari shida a gwangwanin madara.
Bandir ɗin kwano ya fi haka,
rim ɗin takarda bai kai ba.

Na tashi na zubar da ruwan,
na dawo, na kunna fitilar waya.
Direban nan,
wataƙila bai mutu ba.